Zare: hawan dokin hunturu a dajin Sheme

1/
Duk shekara da zarar Disamba ta kama, akwai wani bidiyo da ke dawo mana a waya. Turawa a kan dawakai, sun jeru ɗaya bayan ɗaya cikin dusar ƙanƙara, daji fari fat, wani mai malafa a gaba yana jan tawaga. A ƙasa kuma mutanenmu na ta rubuta “Allah Ka kai mu” da “su dai sun huta”. Yau zan yi zare a kan abin. Yana da tsawo, mai ƙarancin data ya ajiye sai dare. 🧵

2/
Ni ɗan Sheme ne, a ƙaramar hukumar Faskari. Duk wanda ya taɓa bin titin Funtua zuwa Gusau ya ratsa garinmu, ko da barci yake yi a mota. A wurinmu ne hanyar Ƙanƙara ta fito ta haɗu da babban titi. Eh, na sani, maƙwabtanmu sunan garinsu Ƙanƙara amma ko dusarta ba su taɓa gani ba. An riga ku yin wannan barkwancin, ku bar shi. 😅

3/
Na ɗan bi diddigin bidiyoyin. A jihohin Montana da Wayomin da Kolorado a Amurka, da wajejen Banf a Kanada, sana'a ce sosai. Ka biya kuɗinka, a zaɓa maka doki mai sanyin hali, a haɗa ku da jagora. Ba sai ka iya hawa ba. Dokin ya san aikinsa, jagoran ya san dajin, kai naka kawai ka zauna daidai kada ka faɗo.

4/
Kuma aikin ya fi yadda hoto ke nunawa wuya. Dusar kan dunƙule a cikin kofaton doki ta zama kamar curin dutse, sai ya riƙa tafiya yana tangaɗi. Shi ya sa ko dai su cire masa takalmin ƙarfe, ko su sa masa wata roba a ƙarƙashi. Ba a cika sukuwa ba, don in doki mai kaurin gashi ya jiƙe da gumi iska ta buge shi, an samu matsala. Jagora kuma dole ya san inda dusa ta rufe rami, da inda rafi ya daskare sama-sama alhali ruwa na gudu a ƙasa.

5/
To in ka cire kyan hoton, abu biyu ake sayarwa a nan. Dajin da za ka shiga da safe ka fito da yamma lafiya lau, da mutumin da ya san shi kamar tsakar gidansa. Duka biyun mun taɓa samu a Sheme, kyauta. Ni da nake wannan rubutun na riske su, kuma ko shekara 25 ban kai ba.

6/
Kawuna ne mutumin, yayan mahaifiyata. Ba zan faɗi sunansa ko unguwarsa ba, na kuma sauya wasu ƙananan bayanai, za ku gane dalili a gaba. Manomi ne, amma da doki aka san shi. Biyu gare shi: akawal, ingarma baƙi wuluk mai zafin kai, da wata goɗiya kili, tsohuwa, wadda ko ganga aka buga a kunnenta ba ta razana. Ba mai kuɗi ba ne. Irin mutanen nan ne da gidansu zai iya kwana da miya ba nama, amma doki ba zai kwana babu harawa ba.

7/
In hutun Disamba ya zo, 'ya'yan 'yan uwa na Kaduna da Kano sukan zo gida. Su ne baƙin Kawu. Ya aro doki ɗaya ko biyu wurin abokansa, ya ɗora mu, ƙanana biyu-biyu, ya shige gaba. Ba kuɗi, ba tikiti. Ladansa kawai ka share barga ka ɗebo ruwa kwana uku kafin ranar. Hunturu uku na samu a cikin tawagar: 2011, 2012 da 2013. Ina firamare.

8/
Me ya sa sai hunturu? Tambayi duk wanda ya taɓa riƙe doki a ƙauye. Da damina gona ce ko'ina, dokinka ya shiga dawar mutane sau ɗaya sai gaban mai gari. Ƙoramu sun cika, fadama ta zama taɓo, ƙudaje sun dami dabba. Da bazara kuwa rana ce za ta narkar da kai da dokin. Amma bayan kaka an girbe an kwashe, gonaki sun zama fili, ruwa ya janye, macizai sun lafa, doki ya ƙoshi da sabuwar harawa har gashinsa na sheƙi. Ɗan lokaci ne, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu.

9/
Shiri tun asuba. Ana idar da salla za ka tarar ya hura wuta da kara a bakin barga. Sanyin Sheme na asuba ba na wasa ba ne, yatsunka ko mazagin wando ba sa iya ɗaurewa. A shafa mana man kaɗe a leɓe da dugadugai saboda faso, a naɗa wa kowa tsohon rawani ko mayafin Inna har hanci, a sha koko da zafinsa. 'Yan Kaduna da suwaita mai hula, mu da riguna uku-uku.

10/
Darasi na farko da na koya a wurinsa a kan majayi ne, abin nan da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin cikin doki. Doki na da wayo. Kana ɗaurewa zai kumbura ciki, kana juya baya ya saki, sirdi ya yi sako-sako. Kawu zai ɗaure, ya tafi duba linzami da likkafa kamar ya manta, sai ya dawo ya ƙara ja. Ya ce, “Wanda bai duba majayi sau biyu ba, ƙasa za ta duba mai haƙora.”

11/
Sai a fita. Ku da kuke cewa ba mu da farin daji, ba ku taɓa fita bayan gari da hantsi ranar da hazo ya sauka ba ne. Sama fara, ƙasa fara, rana kamar farin faranti, kana iya kallonta ido da ido. Duwatsun da ka saba hangowa daga ƙofar gida sun ɓace. Kuka na fitowa daga cikin hazo kamar wani ƙato ya tsaya yana jiran ka. Sai a jami'a na ji cewa da yawa daga ƙurar nan daga wani kwari take tasowa a ƙasar Chadi, Bodele, iska ta ɗauko ta ta kawo mana har gashin ido. A lokacin mu dai hazo kawai muka sani.

12/
Abin da bidiyo ba ya iya ɗaukowa shi ne shirun. Ba injin niƙa, ba babur, ba rediyo. Sai takun kofato a kan busasshen ganye, fatar sirdi na ɗan kuka, numfashin doki na fita da tururi. Can sai fakara ta tashi fir daga ƙarƙashin ƙafar doki, gabanka ya faɗi, akawal ya zabura gefe, Kawu ko waiwaye bai yi ba.

13/
Dokokinsa uku ne, kuma ba ya maimaita su. Ba a wuce na gaba. Ba a ihu. In ya ɗaga hannu kowa ya tsaya, ko da bai ga komai ba. Wani ɗan uwanmu na Kano da ya saba kilisa a birni ya taɓa cewa, “Kawu, wai yaushe za mu yi sukuwa?” Ya ce, “Mi kake sauri? Sukuwa ta fili ce, inda mutane ka kallo. Nan ba mai kallon ka sai rami.”

14/
Ramin kuwa da gaske yake. Gafiya ta haƙa, dabgi ya haƙa, tsohon suri ya rufta. In mafarauta sun sa wa ciyawa wuta, toka ta kwanta ta rufe komai, ƙasa ta zama shimfiɗa ɗaya baƙa ƙirin. Doki ya zurma ƙafa a guje ta karye, shi ke nan an yi asarar doki, don karayarsa ba ta ɗoruwa yadda ta mutum ke yi. Abin da dusar ƙanƙara ke ɓoye wa jagoran Montana, shi toka ke ɓoye wa Kawu.

15/
Ba shi da taswira, wayarsa kuma 'yar Nokia ce a aljihu, a kashe. In hazo ya rufe duwatsu, da iska yake gane gabas. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ba ta yawan juyi irin na damina. Ya ce mana in mun fita tana bugun kuncin dama, to da dawowa dole ta bugi na hagu. In ka ji ta a ƙeya ko a goshi, ka karkace.

16/
Itatuwa ma magana suke yi masa. In ka ga gawo kore shar a tsakiyar rani, alhali sauran sun zubar da ganye, gonar wani ce ko tsohuwar gona, don manomi ba ya son sare gawo. In ka ga kukoki sun taru wuri ɗaya a tsakiyar daji, kufai ne, an taɓa yin gari a nan. Zai rage tafiya ya yi wa waɗanda ke kwance addu'a. Layin itatuwa masu duhu daga nesa, rafi ne. Ya san wanda in ka tona yashinsa kamu ɗaya za ka samu ruwa, ya san wanda za ka yi ta tono har gobe.

17/
Sawu kuwa a wurinsa kamar jarida. Ya leƙa daga kan sirdi ya ce shanu sun wuce nan da sassafe, sun kai hamsin, da yaro ɗaya da kare. Mu riƙa ƙyafta wa juna ido wai Kawu ya fara zuba. Bayan awa ɗaya mu tarar da shanun a mashaya. Da yaron. Da karen.

18/
Zangonmu wata ruga ce, tafiyar kamar awa uku. Akwai wata dattijuwa a can, Goggo kowa ke ce mata. Tana hango mu za ta fara dama fura. Nono mai sanyi a cikin sanyi, haƙoranka na kaɗawa amma ba ka iya ajiye ludayin. Kawu ya sauke musu kanwa da gishiri da goro, su zauna da maigidan a kan buzu su yi ta lissafin wace gona shanu za su kwana a kai bana.

19/
Ga 'yan birni: bayan girbi manomi kan roƙi makiyayi ya zo ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki. Har hatsi ake ba su a kan haka. Rigima na faruwa, ban ce babu ba, shanu su yi ɓarna a je gaban mai gari a biya. Amma Kawu ya san sunan kowane yaro a rugar nan, ni kuma ɗan ƙanwar mai doki suke kira na.

20/
Hunturun 2012 muka daɗe a rugar. Muna dawowa hazo ya ƙara sauka, iska kuma ta ɗauke cak. Ba dutse, ba rana, ba iskar da za a bi. Ƙaramin cikinmu ya fara kuka ƙasa-ƙasa. Kawu ya sauko daga akawal, ya jawo goɗiyar da nake kai ya sa ta a gaba, ya ce, “Sakar mata linzami, ɗan nan. Kar ka ja, kar ka taɓa ta da ƙafa. Ta hi mu sanin gida.”

21/
Na saki. Ta tsaya jim, ta shinshina iska, ta ɗauki wani gefe. Muka bi ta, ni a gaba, shekarata 10, ina jan tawaga hannuna a kan cinya. Ana dab da kiran magariba muka jiyo ƙarar tirela a kan titin Gusau. Har yau ban taɓa jin daɗin ƙarar mota kamar na ranar ba.

22/
In mun iso gida kowa fari fat kamar wanda ya kwana a injin niƙa, gira da gashin ido duk ƙura. Ba mai zuwa wurin tuwo sai an gama da dawakai. A sauke sirdi, a zagaya da su har gumi ya bushe, a goge su, sannan ruwa kaɗan-kaɗan. Kwana biyu kana tafiya ƙafa a buɗe kamar ɗan kaciya, ana yi maka dariya, kai kuwa kana jin kanka wani barde.

23/
Satar shanu an daɗe ana jin ta daga nesa, wajen Zamfara da Birnin Gwari. A watan Maris na 2014 ta daina zama labarin nesa. Mahara a kan babura suka afka wa Mararrabar Maigora da Sabon Layin Galadima da wasu ƙauyukan yankinmu, suka kashe mutane masu yawa. Ƙauyukan da muke jin sunansu kullum a kasuwar Sheme.

24/
Da Disamba ta zo muka tambayi Kawu. Ya ce, “Bana a haƙura, sai baɗi.” Baɗi ma haka ya ce. Bai taɓa cewa an daina ba. Kilisa ta koma zagayen bayan gari, daga baya ta koma filin firamare, daga baya ta koma ƙofar gida.

25/
Dajin bai zama kango ba, masu shiga ne suka canja. Burtalin da muke bi yanzu babura ke bi, mutum uku-uku a kai. An yi sulhu a 2019, aka ɗauki hotuna, bai je ko'ina ba. Gonakin da ke nesa da gari aka bar su, ko kuma a biya kafin a noma, a sake biya kafin a girbe. Wannan kowa ya sani, ba sai na tsaya a kai ba.

26/
Daren Juma'a 11 ga Disamba 2020 aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka kwashi ɗalibai. Ƙannena ne a shekaru, wasu sa'o'ina. Sai ranar 17 ga wata aka sako 344. Duniya ta yi ta maganar adadi da wanda ya ɗauki alhaki. Ni abin da ya hana ni barci shi ne na san sanyin. Na san yadda irin dajin nan yake da asuba a tsakiyar Disamba, ina cikin riga uku da rawani, a kan doki, cikina da koko. Su a ƙasa suka ratsa shi, cikin dare, wasu ko takalmi babu.

27/
Akwai kuma abin da na daɗe ban iya furtawa ba. Ba a ratsa daji da ɗaruruwan yara cikin duhu sai da jagora. Akwai wanda ya san inda rami yake, ya san rafin da ake tsallakawa, ya san yashin da ake tonawa a samu ruwa. Ilimin Kawu ne sak. Wataƙila ma a burtali ɗaya suka koye shi.

28/
Abin dariya abin kuka: a ƙarshen shekarar nan ta 2020 gwamnatin tarayya ta sanar da amincewa da sababbin gandun daji na ƙasa guda 10, kuma dajin Kogo na yankinmu na cikinsu, tare da Falgore na Kano. Ga kuma Kamuku a Birnin Gwari, maƙwabtan Sabuwa, da ya samu wannan matsayin tun 1999. Irin matsayin Yellowstone ke nan, wanda Amurka ta keɓe tun 1872, a yankin Wayomin da Montana ɗin da na ambata. A takarda, mu ma a bakin wurin yawon buɗe ido muke zaune.

29/
Wani abokina a makaranta, ɗan sashen kasuwanci, da na ba shi labarin nan sai ya gyara zama. “Kai, wannan ai kuɗi ne! Dawakai goma, shafin Instagram, 'yan Abuja su zo hutun ƙarshen shekara.” Lissafinsa daidai ne wallahi, har farashi ya yanka. Na ce masa saura ka sa kuɗin fansa a cikin tikitin. Muka yi dariya, irin dariyar da muka iya yanzu.

30/
Ga inda abin ya fi ci mini rai. A da, a ce “wane ya san daji” yabo ne. Shi ake nema in saniya ta ɓata, in yaro bai dawo daga itace ba, in baƙo zai je wani ƙauye. Yanzu a garuruwanmu maganar nan na iya kashe mutum. Ka san daji? Ta yaya ka sani? Wa kake gani a can? Kalma ɗaya ce ke jiran ka: infoma. Kuma infoma na gaske suna nan, sun ci amanar mutane, shi ya sa zargin ke kama har wanda bai ji ba bai gani ba.

31/
Ta ɗaya gefen kuma, in mutanen daji suka ji kai ne ka nuna hanya, sun san ƙofar gidanka. An zo wurin Kawu ba sau ɗaya ba, mutanen kirki, masu neman a bi sawun waɗanda aka ɗauka. Ya ce musu idonsa ya mutu, ba ya gani da nisa, daji kuma ya canja. Mutumin da har yau yana cikin masu fara ganin jinjirin wata.

32/
Na san wasu za su ce tsoro ne. Ku faɗa, daga ɗakin kwanan ɗalibai ko daga Legas faɗa ba wuya. Iyali ne cike da gida, katangar kuma ta ƙasa ce. Ni dai na ga fuskarsa ranar da ya sallami wani uba da wannan amsar. Ya shiga barga ya daɗe bai fito ba.

33/
Rugar Goggo babu ita. An kore shanunsu tun farkon abin, su ne ma aka fara yi wa. Daga baya suka rasa gefen da za su tsaya. A daji ana ce musu 'yan gari, a gari ana ce musu 'yan daji, kasuwa ta gagare su shiga. Suka tashi suka yi kudu. Cikin yaran da muka sha fura tare, akwai wanda aka ce ya ɗauki bindiga, akwai wanda aka kashe a hanyar kasuwa bai ɗauki komai ba. Duk mai zuwa ƙarƙashin zaren nan da “ai dukkansu ɗaya ne”, ba ni da lokacinka.

34/
Dawakan fa? Goɗiyar tsufa ya ɗauke ta a 2018, a turkenta. Akawal ya rage. Amma doki ba babur ba ne da za ka jingine. Kullum sai dawa ko gero, sai dusa, sai harawa, sai kanwa. Harawar nan daga gonar wake da gyaɗa take zuwa, gonar kuma tana inda ba a zuwa. Kawu ya koma sayen abin da a da yake kyautarwa. Ingarman da ba ya fita kuma sai ya fara cizon turke yana haƙar ƙasa.

35/
Ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Masari ta fitar da dokar nan ta tsaro. Aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, sai dai su zagaya ta Funtua. Aka hana sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. A watan Satumba kuma aka katse layukan waya. Garin da ke rayuwa da kasuwa da titi, sai ya yi tsit.

36/
A wannan tsakanin ya sayar da akawal, a gida, ciniki ba daɗi, ga wani mai dawakan haya na bikin aure. Yaron mutumin ne ya zo ya hau shi ya tafi da shi Funtua, a gefen kwalta, tireloli na wucewa suna danna masa hon. Ni ina Zariya lokacin, gida ba sabis, sai bayan mako uku na ji. Sirdin bai sayar ba. Yana rataye a ɗakinsa, duk hunturu sai ya sauke ya shafa masa mai don kada fatar ta tsage.

37/
Kada a ce doki ya mutu a ƙasar Hausa, ko kusa. Ga hawan Salla a Katsina da Daura da Zazzau, ga na Kano da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a Disambar 2024. Ga ƙwallon dawaki da Katsina ta yi suna da shi tun zamanin Sarki Dikko da Sarki Usman Nagogo. Nan Zariya da yamma sai ka ga samari na kilisa, ga hawan angwanci ba ya yankewa. Ina son su duka, har tsayawa nake yi in ɗauki hoto.

38/
Amma duk dokin kallo ne. A kan kwalta, tsakanin Keke Napep da masu ɗaukar bidiyo, zamiya a gaban 'yan mata. Mahayin ya iya naɗin rawani, ya iya tsayar da doki da ƙafa biyu, amma kai shi bayan gari ranar hazo ka ce ya nuna maka gabas. Ba laifinsa ba ne, a ina zai koya? Wancan hawan, na tashi daga wuri ka isa wani wuri, shi ne ba mai sa shi a wani jeri.

39/
Autanmu an haife shi a 2015. Bai taɓa wuce gonar bayan maƙabarta ba. In ka ce masa “daji”, ba itatuwa da fakara yake gani ba, sunan inda ake kai mutane ne. Rannan na tambaye shi ko ya san dabgi, ya ce a wace unguwa yake.

40/
Hutun da ya wuce na zauna da Kawu bayan isha'i, a bakin bargar da yanzu awaki ke ciki. Na ce, “Kawu, ina so ka ba ni hanyar nan tun daga bayan gari har rugar Goggo, da sunayen rafukan da duwatsun, in ɗauka a waya don kada su ɓace.” Ya kalli wayar ya ce, “Kashe ta tukuna.” Na kashe. Ya ce, “Kai ta ɗaka ka dawo.”

41/
Da na dawo ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke. Ya zana titi, ya zana burtali, rafi na farko, kukokin kufai, dutsen da ake bari a hannun dama, yashin da ke da ruwa. Kowanne da sunansa, wasu da Hausa wasu da Fulatanci. Ya sa na maimaita sau uku. Idon nan da ya mutu, da fitilar hannu kawai, ko lanƙwasa ɗaya bai ɓata ba.

42/
Sannan ya sa ƙafa ya goge zanen tas, ya watsa ruwan buta a kai. Ya ce, “Wanga a kanka zai zauna. Ba takarda, ba waya, ba abokai.” Shi ya sa tun farkon zaren nan ba ku ji na ambaci sunan rafi ko ɗaya ba, kuma masu shirin bi na akwatin saƙo kada ku wahalar da kanku. Sunaye 14 ne. Ina bitarsu kamar hadda in barci ya ƙi zuwa.